Amanar Ɗalibi: Darussa daga Ɗakunan Kwanan Wata Jami'a a Amurka

A wasu manyan jami'o'in Amurka akan ɗauki ɗaliban digiri na biyu da na uku aikin kula da ɗakunan kwanan 'yan aji ɗaya, a ba su ɗaki da abinci da ɗan alawus, su kuma su zama waɗanda ake ƙwanƙwasa wa ƙofa idan makulli ya ɓace, ko rigima ta kaure, ko ciwo ya kama wani cikin dare. Da wannan aiki na riƙe kaina lokacin da nake karatu a wata jami'ar gwamnatin jiha da ke tsakiyar ƙasar, kuma ta dalilinsa na san rayuwar ɗaliban da ake kira LGBTQ, wato masu sha'awar jinsinsu, da masu sha'awar maza da mata duka, da waɗanda suka sauya jinsi. Ni Bahaushe ne Musulmi, hukuncin addinina a kan wannan lamari sananne ne, kuma babu wanda ya taɓa neman in sauya shi ko in yi bayani a kansa. Abin da aka ɗora mini shi ne lafiyar duk ɗalibin da ke benena da kuma tsare masa mutuncinsa, ko wane ne shi.

Tun a makon horarwa aka kawo mana labarin Tyler Clementi, ɗalibi ɗan shekara 18 a Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey. A watan Satumbar 2010 abokin ɗakinsa ya kunna kyamarar kwamfuta daga wani ɗaki ya leƙe shi yana tare da wani namiji, sannan ya baza zancen a Twitter yana gayyatar wasu su zo kallo a karo na gaba. Clementi ya kai ƙara wurin mai kula da benensu, ya nemi a sauya masa ɗaki, amma a ranar 22 ga watan ya faɗa kogi daga gadar George Washington ya mutu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da ya kai wa kukansa mai irin aikina ne. Daga lokacin na daina ɗaukar buƙatar sauya ɗaki a matsayin takardar da za ta jira Litinin, domin ɗalibin da ya ce ba ya jin daɗin zama da abokin ɗakinsa sau da yawa kan faɗi kaɗan ne daga abin da ke cin sa, kuma sai an zaunar da shi, an yi shiru an ba shi lokaci, kafin sauran maganar ta fito.

Babban darasin da na koya ya shafi rufin asiri, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani. Akwai dokar tarayya ta 1974 da ake kira FERPA, wadda ta mayar da ikon bayanan karatu hannun ɗalibi da zarar ya shiga jami'a, ta yadda ma'aikaci irina ba ya da hurumin ba da labarinsa ga kowa, har da iyayen da ke biyan kuɗin makaranta, sai ta ofishin da doka ta ba wannan dama. Wata rana da yamma wani uba ya kira wayar ofishinmu. Da farko ya tambayi lafiyar ɗansa cikin ladabi, daga nan ya shiga tambayar su wa yake yawo da su, ko gaskiya ne an gan shi yana shiga cibiyar ɗaliban LGBTQ, ko akwai wanda ke kwana a ɗakinsa. Muryar mutumin na rawa, kuma ban ji alamar mugunta a cikinta ba, tsoro na ji. Na ce masa ba ni da izinin yin magana a kan kowane ɗalibi, amma zan iya isar wa ɗansa cewa ya kira. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce in gaya masa mahaifiyarsa na gaishe shi, ya kashe wayar. Ga wanda ya tashi a gidan da uba ke da ikon sanin komai game da ɗansa, wannan amsa tana da nauyi a baki. Sai dai na riga na ga abin da kan biyo baya idan zance ya isa gida ta bakin wani: a yanke kuɗin makaranta, a cire yaro daga inshorar lafiya, a ce kada ya sake taka gidan. Wani bincike da Caitlin Ryan da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ya gano cewa matasa masu sha'awar jinsinsu waɗanda danginsu suka yi musu mummunar ƙyama sun fi waɗanda ba a ƙyamata ba yiwuwar yunƙurin kashe kansu fiye da sau 8. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ban buƙaci dokar Amurka ta koya mini cewa aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane ba.

Asiri kuma ba ta baki kaɗai yake tonuwa ba. Jami'armu, kamar wasu da dama, ta ba ɗalibi damar shigar da sunan da yake so a riƙa kiransa da shi, ya fito a rajistar aji da katin shaida, sunan yanka kuma ya zauna a takardun kuɗi da na sakamako. Wata ɗaliba a benena ta yi amfani da wannan dama, sai wani ofishi ya ɗauko jerin sunayen da bai kamata ba ya aika wasiƙar taya murna zuwa adireshin iyayenta da sabon sunan a bayan ambulan. Babu wanda ya yi niyyar cutar da ita, amma da na same ta zaune a kan matakalar bene da waya a hannu, tana kallon kiran mahaifiyarta yana shigowa yana katsewa, niyyar ma'aikacin ba ta rage mata komai ba. Tun daga nan nake duba kowace takarda da za ta fita daga hannuna in tabbatar da wa zai buɗe ta.

Rufin asirin yana da iyaka, kuma an koya mana mu faɗi iyakar tun kafin ɗalibi ya buɗe baki. Idan ya nuna alamar zai cutar da kansa, ko ya ce an ci zarafinsa, wajibi ne in kai maganar gaba, saboda haka ba na taɓa yi wa kowa alkawarin cewa abin da ya faɗa zai tsaya tsakanina da shi. Nakan nuna masa likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara na asibitin makaranta, waɗanda doka ta ba su ikon riƙe sirri fiye da ni. Na lura ɗalibai sun fi yarda da wanda ya gaya musu gaskiyar iyakarsa.

Darasi na biyu na same shi ne a lokacin hutu. Idan bikin godiya na Amurkawa, wato Thanksgiving, ya zo a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, sai gari ya watse, a ƙarshen Disamba kuma akan rufe yawancin ɗakunan kwana da wuraren cin abinci na tsawon makonni, ga sanyin da ke daskarar da ruwa. Ni ne nake tattara sunayen masu neman izinin zama, kuma kowace shekara jerin kusan iri ɗaya ne: mu baƙi da kuɗin jirgi ya fi ƙarfinmu, da waɗanda suka tashi a hannun hukuma ba su da iyaye, da waɗanda ke da gida tafiyar awa biyu a mota amma an rufe musu ƙofarsa. A nan na gane cewa amfanin cibiyar LGBTQ ga mai buƙata ba ya cikin tutoci masu launin bakan gizo da ake ratayawa. Yana cikin kabad ɗin da aka cika da taliya da abincin gwangwani, da ƙaramin asusun gaggawa da ke biyan kuɗin haya na wata ɗaya, da jerin malaman da suka yarda su karɓi ɗalibi a teburinsu ranar biki, da ma'aikaciyar da ta san yadda ake bi da ofishin tallafin karatu. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya yana ɗaukar mafi yawan waɗanda ba su kai shekara 24 ba a matsayin masu dogaro da iyaye, yana neman bayanin kuɗin shigar iyayen, kuma ƙin ba da bayanin kaɗai bai isa a cire ɗalibi daga wannan rukuni ba. Sai jami'in tallafi ya gamsu, da takardun shaida, cewa an yi watsi da yaron ne. Na ga ɗalibin da wannan takarda guda ta raba tsakanin ci gaba da karatunsa da komawa wankin kwanuka a gidan abinci.

Waɗannan cibiyoyi suna da tarihi. A 1967 Jami'ar Columbia ta amince da ƙungiyar ɗalibai ta farko irin wannan, a 1971 kuma Jami'ar Michigan ta buɗe ofishi na farko mai ma'aikata, wanda Jim Toy ke cikin waɗanda suka kafa, a lokacin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke lissafa sha'awar jinsi ɗaya cikin cututtuka, matsayin da ba ta janye ba sai 1973. A Michigan ɗin ne kuma Ronni Sanlo ta fara shirya wa waɗannan ɗalibai ƙaramin bikin kammala karatu na musamman a 1995, da ɗalibai uku kacal, kuma ita kanta, saboda tana sha'awar jinsinta, an hana ta halartar bikin yaye 'ya'yanta. Na halarci irinsa saboda wani ɗan benena ya gayyace ni, na kuma fahimci dalilin gayyatar da na ga kujerun da aka keɓe wa iyaye, rabinsu malamai ne da abokai a kai.

Duk da haka ban ga tsarin a matsayin wanda ya dace da kowa ba. An gina shi ne bisa tunanin cewa lafiyar mutum tana cikin ya fito fili ya bayyana kansa, har ma an ware ranar 11 ga Oktoba domin hakan tun 1988. Wannan yana iya yi wa ɗan Amurkan da zai kama aiki ya tsaya da ƙafarsa daidai, amma ɗalibin da ya zo daga Najeriya da kuɗin dangi ko na gwamnati, wanda bizarsa za ta ƙare ya koma gida, lissafinsa daban ne. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga mai shiga ko tallafa wa ƙungiyoyinsu, ban da dokokin shari'a da ke aiki a jihohi 12 na Arewa. Hoto guda da aka ɗauka a wani taro aka sa a shafin jami'a zai iya isa wayar kawunsa kafin gari ya waye. Na san wani ɗan Afirka ta Yamma da bai taɓa taka ƙofar cibiyar ba, saboda tana kan hanyar da 'yan ƙasarsu ke bi zuwa ɗakin cin abinci, kuma ya fi tsoron idon 'yan uwansa baƙi fiye da na kowane Bature. Da na kai wannan magana taron ma'aikata, sai na tarar wasu ba su taɓa tunanin cewa wurin da aka sa ƙofa da kuma ɗaukar hoto ba tare da izini ba suna iya korar wanda ya fi kowa buƙata ba. Daga baya an fara ba da damar ganawa da mai ba da shawara a wani gini na daban ba tare da rubuta suna ba, kuma wannan ƙaramin gyara ya fi laccoci da yawa amfani a ganina.

Wani abin da ban zata ba shi ne ofishin da ke kula da waɗannan ɗalibai shi ne ya sama wa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ɗakin sallar Juma'a, shi ne ya sa aka riƙa ajiye mana abincin sahur a watan azumi, kuma shi ne ya tsaya wa wata mai hijabi da ta nemi bene na mata zalla. Ƙa'ida ɗaya ce ta kare mu duka, wadda ta ce ba a hana ɗalibi haƙƙinsa ko a wulaƙanta shi saboda abin da yake. Akwai saɓani na gaske tsakanin ɓangarorin, kuma ba a ɓoye shi, amma na ga shugaban ɗalibai Musulmi da shugabar ƙungiyar LGBTQ sun zauna a kwamiti ɗaya suna neman a bar ɗakin cin abinci guda a buɗe lokacin hutu, kowa da mutanen da yake tunawa.

Al'amura sun sauya tun bayan da na bar aikin. Jihar Texas ta kafa dokar da ta haramta wa jami'o'in gwamnati riƙe ofisoshin da ke kula da bambancin launi da jinsi, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, kuma tun kafin ranar Jami'ar Houston ta rufe cibiyarta ta LGBTQ. A Austin, Jami'ar Texas ta rufe har da cibiyar da ke haɗa ɗalibai baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka da na Asiya. Florida da Utah su ma sun kafa dokoki makamanta. Masu goyon bayan dokokin suna cewa kuɗin haraji bai kamata ya tafi wajen ware wasu rukunoni ba, kuma ofishin harkokin ɗalibai na gama-gari ya isa ya kula da kowa. Wannan hujja ce da za a iya tattaunawa, sai dai abin da na gani a aikace shi ne ɗalibin da aka kora daga gida ba ya zuwa ofishin gama-gari ya tsaya a layi ya faɗa wa baƙo dalilin korarsa. Dokar Texas ba ta shafi ƙungiyoyin da ɗalibai suka kafa da kansu ba, saboda haka a can kabad ɗin abinci da asusun gaggawa da neman wa mutum wurin kwana a watan Disamba sun koma wuyan 'yan shekara 19 da 20, waɗanda su ma jarrabawa ke jiransu, kuma cikin shekara huɗu za su kammala su tafi da duk abin da suka koya game da ofishin tallafin karatu.