Godiya bayan rasuwar Yaya

Assalamu alaikum. Yau kwana biyar da aka sallaci Yaya a Harami bayan Asuba, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Shara'i da ke nan Makka. Sai yanzu na samu kaina har na iya rubutu.

Kun san ya fi shekara 20 yana fama da larurar ƙwaƙwalwa kafin dajin hanta ya zo ya tarar da shi. Ranar da likita ya ce ba sauran magani sai dai a sassauta masa raɗaɗi, wallahi abin da ya fi tsorata ni kada a ɗaure shi a gado. Yaya in ya ga allura cewa yake an zo kashe shi. Abinci ma sai na ɗanɗana a gabansa.

Daren da ciwo ya hana shi kwanciya, ya takure a lungu yana ihu, wata nas 'yar Indunusiya ta ajiye tiren allura a waje ta shigo hannu rabbana. Ta zauna a ƙasa. Ta ɗauko filasta ta banza ta manna a damtsenta, ta ce da Larabci, "Shuf, ya ammi," wato "Duba, baffa." Ya daɗe yana kallon hannun nan. Can sai ya ɗaga rigarsa da kansa, ta manna masa ta gaskiyar, mai maganin raɗaɗi da ake canzawa duk awa 72. Washegari da dare Yaya ya yi barci har kiran salla, ni ko na zauna ina kuka. Likitan sashen ma bai yanke masa tsohon maganinsa ba, ya kira likitan ƙwaƙwalwa suka rage shi daidai ƙarfin hantar. Allah ya saka musu da Aljanna.

Goggon unguwar Misfala, na san za ki yi faɗa, amma sai na faɗa: kunun gyaɗarki ne kaɗai yake sha ba ɗanɗani. Kawu direba da ya ajiye aikinsa, matasan unguwar Shari'u Mansur da suka riƙa kwanan asibiti, Allah ya raya muku zuri'a, ya rufa muku asiri, ya sa ku gama da iyayenku lafiya, ya ba ku mai jiƙa muku leɓe da Zamzam ranar taku.

Waɗanda suka zo Umra, muka ga hotunanku, kuka ce ai bai san mai zuwa ba: ya sani. Ranar Alhamis ɗin ƙarshe ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya, na ce masa kuna hanya.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa wahalar nan ta zama kaffara.