Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Muryar da Ta Yi Mini Kuka

Makon jiya na tsaya a inda na dawo daga Malesiya, na kama aiki a Kaduna, aka ɗaura mini aure. Kafin in shiga labarin zaman gidan haya, akwai abin da na daɗe ina kewaye shi, don na san wasu za su ce me ya haɗa Bazazzage da kiɗan Turawa mai ƙarar gita da ganga. Ya haɗa mu kuwa, kuma in na tsallake shi tarihin nan bai cika ba.

A 2005 Yaya ya shigo gida da wani faifai da ya sayo a kasuwar Sabon Gari. Saboda Jay-Z ya saye shi, kamar sauran samarin lokacin. Faifan haɗin gwiwa ne da ya fito ƙarshen 2004, tsakanin Jay-Z da wata ƙungiyar kiɗan rok ta Kalifoniya mai suna Linkin Park. Yaya yana jiran baitin gwaninsa, ni kuwa kunnena ya maƙale a wata siririyar murya da ke shigowa daga baya. Tana farawa a hankali kamar mai rarrashi, can sai ta tsage kamar an yaga sabon yadi. Daga baya na san sunan mai ita, Chester Bennington. Na yi tarin kuɗin tara na sayi faifansu na farko, Hybrid Theory na 2000, sannan Meteora na 2003.

A 2006 Inna ta rasu. Kwana bakwai ana shiga ana fita, kowa ya dafa kaina ya ce in yi haƙuri, namiji ba ya kuka. Na yi haƙurin, kuma har gobe ina godiya ga masu gaisuwa. Amma idan dare ya raba, an ɗauke wuta, nakan shige gidan sauro da ƙaramar na'urar faifai mai batir biyu, in toshe kunnuwana. Turancina a lokacin bai kai in kama rabin abin da yake faɗa ba. Abin da na kama shi ne akwai wani mutum a duniya da ciwo ke cin sa a ƙirji, kuma bai ɓoye ba. Ihun da ba ni da halin yi a tsakar gidanmu, shi yake yi mini. Bayan shekaru na karanta cewa an ci zarafinsa yana yaro, ya kuma yi fama da shaye-shaye da ciwon damuwa. Ban yi mamaki ba, domin na riga na ji hakan a muryar.

Sau ɗaya na gan su ido da ido, a Bukit Jalil da ke Kuala Lumpur, cikin Agustan 2013. Ni da abokin ɗakina ɗan Jos muka yi wata guda muna cin taliyar leda don mu haɗa kuɗin tikiti. Su shida ne a kan dandamali: Chester, Mike Shinoda mai zubo baiti, Brad Delson a gita, Dave Farrell a babbar gita mai kauri, Joe Hahn mai juya faifai, Rob Bourdon a ganguna. Muryata ta dushe kwana uku.

A watan Mayun 2017 suka saki faifan One More Light. Kiɗan ya yi laushi, babu ihun da muka saba. Magoya baya suka yi musu ca, ana cewa sun sayar da kansu don kasuwa, kuma ina cikin masu faɗar haka. Sau biyu na saurara na ajiye, har na kira abokina na Jos na ce masa mutanen nan sun gama yayinsu. Wannan maganar tana damuna har yau.

Ranar Alhamis, 20 ga Yulin 2017, an yi ruwa da yamma. Na dawo daga sallar isha'i, amarya ta ajiye mini tuwo, wayata ta yi ƙara. Abokin nan ne. Bai ko gaishe ni ba, ya ce, "Ka ji? Chester ya mutu." An same shi a gidansa da ke Palos Verdes Estates, ya ɗauki ransa da kansa. Shekararsa 41, ya bar 'ya'ya shida. Wata biyu kafin nan amininsa Chris Cornell na ƙungiyar Soundgarden ya tafi ta wannan hanyar, kuma ranar mutuwar Chester ta zo daidai da ranar haihuwar Cornell. Tuwon nan haka ya kwana a rufe. Cikin dare na ɗauko faifan da na raina na saurara daga farko har ƙarshe, sai na ji mutum ne yake ta faɗar halin da yake ciki da murya a ƙasa, mu kuma muna fushi don bai yi mana ihu ba.

Washegari a majalisa na yi kuskuren faɗa. Wani ya ce, "Bature ne fa, kuma shi ya kashe kansa, me ye naka a ciki?" Ban yi musu ba. Na san hukuncin kisan kai a addinina, ban kuma taɓa shakkarsa ba. Amma sanin hukunci bai hana zuciya tausayin wanda ciwo ya kayar ba, kuma ciwon damuwa ciwo ne, muna da masu shi a gidajenmu, muna ce musu miskilai.

Ranar Asabar na je Zariya. Baba yana zaune a zaure, rediyonsa a gefe. Ya dube ni ya ce, "Lafiya kuwa? Ko kai da iyalin ne?" Na ce a'a Baba, wani mawaƙi ne ya mutu a Amurka. Ya ce, "Mai ihun nan da kake sawa a ɗaki?" Ashe duk shekarun nan yana ji. Ya yi shiru jim, sannan ya ce, "Ni ma ban taɓa gaisawa da Shata ba. Amma ranar da aka ce ya rasu a 1999, ban iya buɗe shago ba. Da na samu mota da na bi su Daura jana'iza." Bai ƙara ko kalma ba, ya miƙo mini goro.

A ranar 27 ga Oktoba sauran biyar suka shirya taron tunawa da shi a Hollywood Bowl, aka nuna kai tsaye a YouTube. A wajenmu tsakar dare ne, na sayi data na zauna a falo. Akwai waƙar da suka kaɗa babu mai rerawa: an haska fitila a kan sandar makirufo, babu kowa a bayanta, dubban mutane suka rera daga farko har ƙarshe. A nan na yi kukan da ban yi ba a 2006.

Sai shiru na shekara bakwai. Ranar 5 ga Satumbar 2024 suka dawo da sabuwar mawaƙiya, Emily Armstrong ta ƙungiyar Dead Sara, da sabon makaɗin ganga, Colin Brittain, domin Rob Bourdon ya zaɓi ya janye. Bayan 'yan kwanaki abokina ya kira, ransa a ɓace. Ya ce cin amana ne. Ya ce 'yan ƙungiyar Led Zeppelin sun watse a 1980 da makaɗin gangarsu John Bonham ya mutu, ƙungiyar Nirvana ta ƙare da mutuwar mawaƙinta Kurt Cobain a 1994, waɗannan su ne masu kunya. In suna son ci gaba su canja suna. Ya kawo maganar ɗaya daga cikin 'ya'yan Chester da ya fito fili ya soki lamarin, da kuma zuwan da Emily ta taɓa yi kotu don mara wa wani ɗan fim baya, wanda daga baya aka ɗaure shi kan fyaɗe. Wannan ta ƙarshen ni ma ta tsaya mini a rai, ko da yake ta fito ta ce ta yi kuskuren fahimtar mutumin.

Na ce masa 'yan ƙungiyar AC/DC fa, da mawaƙinsu Bon Scott ya mutu a 1980 suka ɗauko Brian Johnson a shekarar? Na tuna masa cewa Mike da Brad da Rob sun kafa ƙungiyar tun 1996 da suna Xero, Chester bai shigo ba sai 1999. Mu murya muka rasa. Su kuwa aboki suka rasa, wanda suka yi shekara goma sha takwas suna tafiya tare, suka kuma rasa sana'arsu a rana ɗaya. Wane ne ni da zan ce su binne waƙoƙin da suka rubuta da hannunsu, ni da na juya wa Chester baya yana da rai saboda faifai ɗaya? Ya ce ba zai taɓa saurarar ta ba. Muka yi wata biyu ba mu yi waya ba.

Da sabon faifansu From Zero ya fito a 15 ga Nuwamba na saurara a mota, a hanyar Zariya. Matar tana da murya, mai ƙarfi da tsatsa, kuma ba kwaikwayonsa take yi ba. Sababbin waƙoƙin sun shige ni. Amma idan ta ɗauko tsofaffin, waɗanda na ji a gidan sauro, hannuna da kansa yake kai wa ga rage sauti.

Ranar 31 ga Mayun 2025 na je gidan kallo don wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, PSG da Inter a birnin Munik. Kafin a take leda sai ga su a tsakiyar fili, Mike da Emily a gaba. Yaran da ke kan benci suna ta cewa a kawar da waɗannan a sa ƙwallo. Da aka shiga wata tsohuwar waƙa babu abin rage sauti a hannuna, na zauna na ji ta har ƙarshe, leɓena yana bi. Wayata ta yi motsi a aljihu. Ɗan Jos ne: "Kana gani?" Na ce ina gani. Ya rubuto, "Ni ma." Hakimi na PSG ya ci ƙwallon farko ba mu gama magana ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma 2017 in ba ku labarin gidan hayar da ruwa ya kore mu daga cikinsa, amarya da tsohon ciki.