Faya-fayan Yaya sun samu masu kallo

Yau Asabar. Sai da rana ta ɗan ɗaga, sanyin hunturu ya sassauta, sannan muka ɗauki hanyar asibitin sojoji na 44 da ke nan Kaduna, inda ake kawo da yawa daga cikin sojojin da suka ji rauni a arewa maso gabas. Kwalayen faya-fayan fim muka kai musu, da na'urar kunnawa.

Kayan na Yaya ne. A da yana da shagon hayar kaset, daga Ƙofar Wambai a Kano yake saro su, har waya ta zo ta kashe kasuwar. Kowa ya koma wajen masu tura fim a memori, daga baya kuma YouTube. Tun lokacin suke jibge a sito suna shan ƙura. Daren jiya muka zauna tancewa, a goge faifai da tsumma mai laushi, a gwada, wanda ya karce har yana tsayawa a ajiye shi gefe. Yaya ya kafe cewa kada a saka fim ɗin yaƙi ko ɗaya. Ya ce wanda ya ji ƙarar bam da kunnensa, me zai yi da ita a talabijin? Mun haɗa na Hausa, na Indiya masu fassara, da na kudu, don soja daga kowane lungu na ƙasar nan yake fitowa.

Wata ma'aikaciyar jinya, maƙwabciyarmu, ita ta nema mana izini, ita kuma ta shigar da mu. Gadon farko wani matashi ne, ƙarafa sun riƙe masa ƙafa daga gwiwa har idon sawu. Bam ɗin da aka binne a hanya ne ya tashi da motarsu. Ɗan Binuwai ne, amma Hausa a bakinsa tar, ta bariki. Na yi masa sannu, na tambayi jiki.

"Da sauƙi, yallabai," ya ce. "Ciwon muna jurewa. Yinin ne ba ya ƙarewa."

Da safe a wanke rauni, likita ya zagaya, shi ke nan, sai kallon silin har dare. Iyalinsa suna nesa, kuɗin mota ba ya barin su zo kullum. Ya sa na miƙo masa kwalin, yana ɗaga faifan ɗaya bayan ɗaya yana karanta bayansu a hankali, ya ware na barkwanci ya tura su ƙarƙashin matashin kansa. Na gefensa ya ce ai ba shi kaɗai aka kawo wa ba. Nan gardama ta kaure, ɗakin ya ɗauki dariya.

Akwai kuma wani dattijo cikin 'yan mazan jiya, ya yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya bayan 1990, hawan jini ya kwantar da shi. Ya ce, "Ɗana, babu tsofaffin na Indiya, irin na silima?" Na ce akwai, Baba. Na lalubo masa.

Tun 2009 ake wannan yaƙi da Boko Haram. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ta gabato, za a ajiye furanni don tunawa da waɗanda suka rasu, kuma ya kamata. Amma waɗannan suna raye, wasu watanni suke yi a kwance, mu da muke gari ɗaya da su ba ma leƙa su. Abin ya tsaya mini a rai har yanzu.

Da za mu fito ma'aikaciyar jinyar ta ce wasu ba sa iya juyawa su kalli talabijin, waya ta fi musu. Da yamma na je wajen mai tura fim na unguwarmu, na gaya masa inda za a kai. Ya ce in kawo memori kawai, turawar kyauta ce. Saura abin sa wa a kunne, Litinin zan duba farashinsa a kasuwa.