Ruwa mai rawani

A 2011, da Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, ina jami'a. Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta ce so ake a musuluntar da ƙasa, mu kuma muka yi ta tada jijiyar wuya, alhali dokar bankuna ta 1991 ta buɗe wannan ƙofa tun zamanin soja. Da Jaiz, bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, ya fara aiki a 2012 na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Na gane haka ne bayan na zauna teburin murabaha, wato cinikin da banki ke sayen kaya ya sayar wa mai buƙata da riba, a wani banki irin wannan a Kano.

Wani Alhaji daga Kantin Kwari ya zo yana son dilolin atamfa. Na zayyana masa komai: banki zai sayi kayan, su zama mallakinsa, sannan ya sayar masa da riba sananniya, ya biya kaɗan-kaɗan. Ya zaro kalkuleta daga aljihu, ya danna, ya sake dannawa, ya gyara zaman tabarau.

"Yaro, ai wannan ruwa ne kuka naɗa wa rawani."

Na ce, ranka ya daɗe, da bambanci. Idan kaya suka ƙone kafin mu damƙa maka, asararmu ce. Farashi ba ya hayayyafa, tarar jinkiri kuma sadaka ake yi da ita. Duk gaskiya ne. Abin da na haɗiye shi ne, in za mu yanka riba, kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar muke leƙawa. Kasuwa ɗaya muke ci da sauran bankuna, mai ajiya kuma yana kwatanta abin da muka ba shi da na maƙwabta. Ga kuɗi jibge, takardun bashin gwamnati masu ruwa ba ma taɓa su; sai da aka fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi muka ɗan sarara.

A makon ne wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari ya zo. Bai nemi fatawar kowa ba. Tambayarsa ɗaya ce: in an ƙara kuɗin ruwa, bashinsa zai motsa? Na ce ko kwabo. Nan take ya sa hannu.

Alhaji kuwa sai bayan mako biyu ya dawo, da malaminsa a gaba, da kalkuletar a hannu.