Shekarar Farko a Filin Bishara: Abubuwan da Ke Gajiyar da Matashin Ɗan Mishan

Ranar da ikkilisiya ta ɗora wa matashi hannu ta sallame shi zuwa wata ƙasa, galibin addu'ar da ake yi a kan kariya daga tsanani ce da buɗewar ƙofofin bishara. Daidai ne. Amma abin da ya fi karya gwiwar sabon ɗan mishan ƙananan al'amura ne na kullum: cikin da ya ƙi karɓar ruwan garin, bizar da ta kusa ƙarewa, yaren da ya ƙi zama a baki, da abokin aikin da ake kwana gida ɗaya ba a jituwa. Ɗan'uwa, ko 'yar'uwa, waɗannan ma hidima ce, kuma shiri suke so kamar yadda wa'azi ke son shiri.

Fara da takardu. Ƙasashe da yawa ba sa barin mutum ya shiga sai fasfonsa na da sauran wata 6 kafin ya ƙare. Bizar ziyara daban, izinin zama da aiki daban, kuma akwai ƙasashen da yin wa'azi da bizar ziyara laifi ne da ke jawo kora, har ya shafi ikkilisiyar da ta karɓe ka. Ka sa ƙungiyar da ta aike ka ta gaya maka a rubuce irin takardar da kake riƙe da ita da abin da ta halatta maka. Ka yi kwafi biyu na fasfo da biza, ka ajiye hotonsu a imel, ka sa wa kanka tuni a waya kwana 60 kafin wa'adi ya cika. Idan ana neman katin rigakafin cutar shawara, allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Sai ruwa, domin shi ne ke fara kwantar da baƙo. Mutanen gari na iya shan abin da kai cikinka bai saba da shi ba. Ka tafasa ruwa ya yi minti 1 yana ɓararraka. A wuri mai tudu sama da mita 2,000, minti 3, saboda a can ruwa na tafasa tun bai yi zafi sosai ba. Inda mutane ke yin kuskure shi ne ƙanƙara, da ruwan goge baki, da ganyen da aka wanke da ruwan famfo aka ci ɗanye. In gudawa ta kama ka, haɗa lita 1 na tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a cika tsororuwa ba, ka riƙa kurɓa. Gishirin da ya yi yawa illa yake ƙarawa. Jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko gudawar da ta wuce kwana biyu, asibiti ne kai tsaye. A ƙasar da ke da zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro kowane dare, maganin rigakafi kuma yadda likita ya rubuta. Wasu irinsa ana ci gaba da sha har mako 4 bayan an bar wurin. Ka san asibitin da za ka je da wanda zai kai ka tun kana da lafiya.

Makonnin farko sukan yi daɗi, kome sabo ne. Daga baya sai nauyi ya sauko. Masanin halayyar al'umma Kalervo Oberg ya yi bayanin wannan hali a 1960, ya nuna yadda murna ke komawa ƙunci da ganin laifin mutanen gari, kafin mutum ya farfaɗo ya saba. Alamunsa a fili suke: yawan barci ko rashinsa, fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, ƙin fita daga ɗaki, da yawan cewa "mutanen nan". Dalilinsa shi ne ƙwaƙwalwa na aiki a kan abubuwan da a gida ba ta ko tunaninsu: yadda ake gaisuwa, wa ake fara gaisarwa, ina ake zama, yaya ake ƙin abu ba tare da an ɓata rai ba. Abin takaici, matasa da yawa sukan ɗauka bangaskiyarsu ce ta yi sanyi ko kiransu ƙarya ne, su ɓoye don kunya. Ka duba 1 Sarakuna 19. Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci. Kada ka yanke shawarar komawa gida a irin wannan mako. Ka yi barci, ka ci abinci, ka fita ka taka ƙasa kowace rana, ka faɗa wa wani babba a cikin aikin abin da kake ji.

Yare shi ne babban aikin shekarar farko, kuma a nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Cibiyar koyar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta kiyasta cewa mai jin Turanci na bukatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci, Larabci ko Sinanci kuwa kusan awa 2,200. Wanda ke yin awa 3 a rana, kwana 5 a mako, bai kai awa 800 a shekara ba. Ka yi wannan lissafin tare da shugabanninka tun da wuri, don kada a ɗora maka jagorancin taro a wata na biyu. Ka nemi mai taimaka maka ɗan gari, ku zauna da safe, ka koyi jimloli biyar da za ka bukata a ranar, ka naɗi muryarsa a waya, sannan ka fita ka faɗe su ga mutum goma. Tafinta na da amfani, amma wanda ya jingina da shi yakan wayi gari bayan shekaru bai da aboki ko ɗaya da zai yi hira da shi kai tsaye. Matambayi ba ya ɓata, kuma mutane na buɗe zuciya ga baƙon da ya zo koyo a wurinsu.

Waya kuma a yi hattara da ita. Kiran gida sau ɗaya ko biyu a mako, a lokacin da aka tsayar, yana ƙarfafa zuciya. Kwana a WhatsApp kuwa yakan bar gangar jiki a filin aiki, hankali na gida. Kada ka sa hoton kowa ko sunansa a intanet ba da izininsa ba, musamman inda sabon mai bi zai iya shiga haɗari.

Kuɗin aiki da kuɗin aljihunka kada su haɗu a jaka ɗaya. Rubuta kowane abin da ka kashe a ranar da ka kashe shi, ka adana rasit. Za a zo neman taimako wurinka, wasu da bukata ta gaskiya. Ka bi da shi ta hannun dattawan ikkilisiyar wurin, domin sun san mutanensu, kuma hakan na hana a riƙa zuwa sujada saboda hannunka.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Bulus da Barnaba ma sun yi gardama mai zafi a kan Yahaya Markus har suka rabu, kamar yadda Ayyukan Manzanni 15 ya nuna, kuma Markus ɗin matashi ne da ya bar aiki a tsakiyar tafiya, wanda daga baya Bulus ya ce yana da amfani a gare shi. Kai da abokin aikin da kuke gida ɗaya, ku yi magana tun farko a kan shara, wanki, baƙi, lokacin kashe fitila da kuɗin cefane. Ku ware rana ɗaya ta hutu a mako, ku tsare ta. Sujada a yaren da ba ka ji tukuna ba za ta ciyar da kai sosai ba, don haka karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a a harshenka kowace safiya ba abin sakaci ba ne.

Masu tallafa maka za su so jin labari, kai ma za ka ji kamar dole ka nuna amfani. Ka tuna, ɗan mishan Robert Morrison ya isa Sin a 1807, bai yi wa kowa baftisma ba sai 1814. Wani ɗan mishan, Adoniram Judson, ya sauka ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a 1813, mai bi na farko sai 1819. Ka rubuta wa ikkilisiyarka wasiƙa duk wata, shafi ɗaya: awa nawa ka yi a kan yare, gida nawa ka shiga gaisuwa, me ya yi maka wuya, da abubuwa uku da kake so a yi addu'a a kansu. Kada ka ƙara adadi ko da mutum ɗaya.