Jirgin feshi da iskar gefe

Mu a fadamar Auyo, in ka ji ana zancen jirgin sama, to na feshin tsuntsayen jan-baki masu cinye amfanin gona ake nufi. Makon jiya shinkafa ta fitar da kai, tsuntsu ya yi mana sansani, aka ce jirgi zai zo da almuru, lokacin da suke komawa makwanci. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, jirgi bai zo ba. Kawu ya ce da ni, "Kai malam, wane irin direba ne iska ke hana shi aiki? Jirgin alhazai ba da damina yake tashi ba?" Na ce, "Allah ya ja kwana Kawu, na alhazai daban, wannan daban."

Ni malamin lissafi ne a sakandare, ba matuƙi ba, amma rabin maganar nan lissafin kusurwa ne da nake koya wa 'yan aji biyar. Jirgi ya fi son iska ta zo masa ta hanci yayin sauka, shi ya sa ba a shimfiɗa titinsa da ka. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano lambarsa 06/24, wato yana kallon digiri 60 daga arewa, kusan inda iskar hunturu ke fitowa. Rigima tana farawa ne in iska ta karkace. In ta kauce wa titin da digiri 30, rabin ƙarfinta ne ke tura jirgin gefe. A digiri 60 kuwa, kusan kashi tara cikin goma ne.

Ɗauki Cessna 172, wanda ɗalibai ke koyon tuƙi da shi ko'ina a duniya. Da man shi da mutanensa nauyinsa bai wuce kilo 1,100 da ɗoriya ba, kuma iskar gefen da masu ƙera shi suka gwada sauka a cikinta not 15 ce, kimanin kilomita 28 a awa. Iskar da ke yaye mana kwanon rufi a farkon damina ta fi haka nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a kogin Haɗejia ya ga yadda mai fito ke karkata hancinsa wajen da ruwa ke tahowa don ya sauka daidai mashigi. Haka matuƙi ke yi a sama, ya taho a karkace. Sai dai taya ba ta tafiya a kaikaice. Dab da ƙasa dole ya miƙe hancin ta hanyar taka feda da ƙafarsa, ya sunkuyar da fiffiken da ke ɓangaren iska da hannu, tayar wannan ɓangaren ta riga taɓa ƙasa. Ya yi jinkiri, taya ta daki ƙasa a gicciye, ƙafar jirgin na iya karyewa. Ya yi gaggawa, iska ta kwashe shi zuwa ciyawa.

Kuma taɓa ƙasa ba shi ne an tsira ba. Da gudu ya ragu, wutsiya ba ta jin magana sosai, iska ta bugi bindin, hanci ya juya wajenta. Yawancin jiragen feshi ƙaramar tayarsu a baya take, nauyinsu na bayan manyan tayoyi, saboda haka da bayan ya fara zamewa sai jirgin ya yi juyi a wuri ɗaya, bakin fiffike ya kartar ƙasa, wani lokaci farfela ta caki turɓaya. Sau da yawa matuƙi ya fito da ƙafarsa, amma jirgin da garuruwa da dama ke jira ya kwanta ke nan, kayan gyara kuma sai daga waje.

Iska mai tsayayyen ƙarfi ana iya lissafa ta. Ta gaban hadari ce ba ta da alƙibla: yanzu tana gabas, kafin ka ƙifta ta koma kudu, ta lafa, ta sake bugowa ninki biyu. Jirgin feshi kuwa ƙasa-ƙasa yake aiki, kan bishiyoyi, ga duhu na shigowa. Ko da ya iso, maganin ma iska za ta kwashe shi daga makwancin tsuntsun ta zube shi kan ruwan da shanu ke sha.