Lahadin da muka tara 'yan mazan jiya a zauren gidanmu

Wani koren akwatin ƙarfe ne ya jawo komai. Bayan damina aka zo gyaran rufin ɗakin Baffa, aka fito da kayansa tsakar gida, sai na ga akwatin, tsatsa ta cinye masa gindi. A ciki akwai takardar sallamarsa daga soja, da hoto ɗaya wanda ya koɗe, da lambobi huɗu a naɗe cikin tsumma. Biyu nasa ne. Biyu na kakanmu ne, ɗaya mai siffar tauraro, irin wadda aka ba waɗanda suka je yaƙin Bama. A gidan nan na Tudun Wadan Zariya aka haife ni, na haura shekara arba'in, amma ban taɓa ganinsu ba. Iyakar abin da na sani shi ne Baffa tsohon soja ne, yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma ba a tashinsa daga barci da taɓawa. Sai dai ka tsaya bakin ƙofa ka yi ta sallama.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu muna gani a talabijin: shugaban ƙasa ya ajiye furanni a gaban gunkin sojan da ba a san sunansa ba a Abuja, a harba bindigogi, a saki fararen tantabaru, gwamnoni ma su yi nasu a jihohi. Ba a ba da hutu. Kasuwa tana ci, yara suna makaranta, Baffa kuwa yana ƙofar gida da rediyonsa. Da na duba kalanda na ga a 2023 ranar ta faɗo Lahadi, sai na ce bari mu yi namu a gida.

Da na je masa da maganar, na ce, "Baffa, muna so mu tara ku ran 15 ga Janairu." Ya dube ni ya ce, "Wace 15 ɗin daga ciki?" Sai da na yi shiru kafin na gane. Ranar ce a 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara ga Janar Gowon a barikin Dodan da ke Legas, yaƙin basasa ya ƙare, shi ya sa aka ɗauke ranar tunawa daga 11 ga Nuwamba, wadda muka gada daga Turawan Ingila, aka mayar da ita nan. Amma ranar ce kuma a 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da manyan hafsoshi irin su Zakariya Maimalari da Kur Mohammed. Ga mutanen zamanin Baffa, waɗannan ranaku biyu igiya ɗaya ce: ta 1966 ta kai shi Defot, sansanin horar da kurtu na Zariya, a 1967 yana ɗan shekara 19, ta 1970 ta dawo da shi gida. Na ce masa duka biyun. Ya ce to, amma kada a kawo masa makaɗa.

Makaɗa dai ban kawo ba, amma sauran abin da zai iya ɓata taro kusan duk na kawo. Na yi hayar rumfa da kujerun roba da lasifika. Na rubuta tsarin taro a takarda, har da "jawabin babban baƙo". Matan gida suka kwana kan waina da miyar taushe. Na gayyaci abokin Baffa da muke kira Baba Saja, mutumin Langtang ne, Kirista, tare suka yi kurtu, kuma tun da ya bar aiki yake zaune a Wusasa. Na gayyaci maƙwabcinmu da ya je Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, ya yi ritaya yana kyaftin. Sai ɗan Gwaggona, wanda ya yi shekaru a arewa maso gabas ya dawo da ciwon kunne. Sai wasu tsofaffi uku da Baffa ya ambata, ɗaya daga cikinsu samanja ne.

Tun wurin zama aka fara samun tangarɗa. Ni a tunanina na ɗan gida, tsofaffi su ne a kan kujerun kushin, Kyaftin da bai kai su shekaru ba ya bi baya. Samanja, mai kusan shekara 80, ya ƙame da sandarsa ya ce shi ba zai zauna hafsa yana tsaye ba. Kyaftin kuma ya rantse ba zai zauna sa'an mahaifinsa yana tsaye ba. "Ranka ya daɗe, bisimilla." "A'a Baba, ku dai ku fara." Ga hunturu yana busawa, ƙura tana shiga miya. Baba Saja ne ya raba gardamar, ya ce a shiga zaure a shimfiɗa tabarma, a ƙasa babu mai igiya babu mai tauraro. Haka rumfar da na biya kuɗinta ta koma wurin wasan yara.

Babban kuskurena ya zo bayan an buɗe da addu'a. Na haɗa wayata da lasifika don a ji bikin Abuja kai-tsaye, ban kuma rage ƙara ba. Daidai lokacin aka fara harbin girmamawa. Tsofaffin ba su ce komai ba, sai dai na ga hannun Baffa ya damƙe gefen tabarma. Ɗan Gwaggo kuwa ya miƙe, ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya fita. Na yunƙura zan bi shi, Kyaftin ya riƙe mini riga ya ce, "Ƙyale shi, zai dawo da ƙafarsa. Kai dai kashe abin nan." Ya dawo bayan kusan rabin awa, ya zauna kusa da ƙofa, babu wanda ya tambaye shi ina ya je. Samanja ya tura masa goro kawai. Har yau idan na tuna nakan ji kunya, don na san ba ya zuwa bikin da ake wasan wuta, na san dalili, amma ɗokin taro ya rufe mini ido.

Na ninke takardar tsarin taro na cusa a aljihu. Daga nan hira ta kama hanyarta.

Abin da ban zata ba shi ne yawan dariyar. Baba Saja ya ba da labarin yadda aka gaggauta horar da su cikin 'yan makonni, domin rundunar da ba ta wuce mutum dubu 10 ba kafin yaƙi sai da ta kai wajen dubu 250 kafin a gama, har ya ce akwai wanda bai iya bambance hagu da dama a fareti ba aka ba shi bindiga. Baffa ya ce ai da kansa yake. Suka tuna ruwan saman gabas da ba ya ɗaukewa, takalmi ya ruɓe a ƙafa, ɗan Arewa da bai taɓa ganin daji mai duhu da rana tsaka ba. Su suna ƙarƙashin runduna ta ɗaya ta Mohammed Shuwa, ta Nsukka suka bi zuwa Enugu a 1967, suka kai Umuahia a 1969. Samanja shi yana runduna ta biyu ta Murtala, yana cikin waɗanda aka yi yunƙurin tsallakar da su kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha a watan Oktoban 1967. Da ya zo nan sai ya ce, "Da yawa ba su iya ruwa ba." Bai ƙara ba, babu kuma wanda ya nemi ƙari.

Sai ɗana, mai shekara 11, ya yi tambayar da ni ma, in faɗi gaskiya, take bakina tun ina yaro. Ya ce, "Kaka, mutum nawa ka kashe?" Na ɗaga hannu zan make shi, Baffa ya hana. Ya ce, "Ba a tambayar soja wannan. Tambaye ni nawa muka tafi, nawa muka dawo." Daga baya, da kansa, ya faɗi abin da ya fi tsaya masa: yaran da suka riƙa fitowa daga daji a ƙarshen yaƙin, ciki a kumbure, gashi ya yi ja, suna miƙa hannu. Ya ce shekara 53 ke nan, har yanzu idan ya ga an zubar da abinci su yake gani. A nan na gane dalilin faɗan da yake mana kan ragowar tuwo tun muna ƙanana, wanda muke ɗauka rowa ce.

Lambar kakanmu ta zaga hannu-hannu. Kyaftin, da yake mai karatu ne, ya ce ai sunayen barikokinmu ma tarihi ne da muke wucewa ba mu lura ba. Chindit da ke nan Zariya, da Kalapanzin a Kaduna, da Arakan a Apapa, duk daga yaƙin Bama aka ɗauko su, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa. Bukavu ta Kano kuma daga Kwango, inda sojojinmu suka je kiyaye zaman lafiya daga 1960. Baffa ya ce mahaifinsu bai taɓa ba su labarin Bama ba sai abu biyu: kaya a ka cikin tsaunuka, da cewa har Turawan hafsoshi da Hausa suke ba da umarni.

Wani abin da na yi sake da shi, Inna ce ta nuna mini. Ta aiko a kira ni cikin gida, ta ce, "Kun tara maza kuna ta hira, ita waccan fa?" Matar ɗan maƙwabcinmu ce, mijinta ya rasu a bakin daga shekaru huɗu da suka wuce, ya bar ta da yara uku. Ita ce ta soya rabin wainar da muke ci, ni kuwa ko a lissafin waɗanda za a karrama ban sa ta ba. Inna ma ta ce shekara biyu da rabi ta yi tana jiran labarin yayanta, wasiƙa sau uku kawai ta zo, amma babu wanda ya taɓa kiranta 'yar mazan jiya. Da na gaya wa Kyaftin, ya nemi izini ya tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida, suka gaisa da matar, ya tambayi inda maganar haƙƙin mijinta ta tsaya. Ashe takarda ɗaya ce ta ɓata, ta yi ta zarya har kuɗin mota ya gagare ta. Ya ce ta haɗo abin da ke hannunta ran Talata. Tsofaffin ma da aka taɓo fansho da tantancewa sai murya ta sauya, kowa da nasa: wanda aka rubuta sunansa ba daidai ba, wanda ya kwana a tasha. Kuɗin da na kashe a rumfa da lasifika da ya ishi biyu daga cikinsu zuwa da dawowa.

Kafin la'asar Baba Saja ya ce a kawo takarda. Na yago daga littafin makarantar ɗana. Kowa ya riƙa faɗin sunayen waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba, ina rubutawa. Wasu da cikakken suna da garinsu, wasu laƙabi kawai ya rage. Ɗan Gwaggo, wanda bai ce uffan ba tun da ya dawo, ya faɗi bakwai a jere ba tare da ya numfasa ba. Aka samu 41. Liman ya ja Fatiha da Ƙulhuwallahu, Baba Saja ya cire hula ya yi tasa addu'ar, kowa ya ce amin.

Yanzu takardar tana cikin koren akwatin, na sa ta a leda saboda gara. A shekarar da ta biyo ranar ta faɗo Litinin, muka yi bayan la'asar, tabarma da shayi da ƙosai, mata suna daga soro na biyu inda suke jin komai, su ma suna jefo nasu. Samanja bai kai ba, ya rasu da damina. Baffa ya ce in ƙara sunansa a ƙasa. Na ce ai shi ya dawo daga yaƙin. Ya ce, "Rubuta dai."